Fursunonin Yaƙi 'Yan Afirka a Faransa: Daga Sansanonin Jamusawa Zuwa Thiaroye

Sojan da aka kama a fagen daga yana shiga halin da ya bambanta da na kowane ɗaurarre, domin ba laifi ya aikata ba, ba kuma alƙali ne ya yanke masa wa'adi ba. Ana tsare shi ne don kada ya koma ya sake ɗaukar bindiga, saboda haka ba shi da ranar fita da zai riƙa ƙirgawa sai ranar da yaƙin kansa ya ƙare. Wannan ne ya sa ƙasashen duniya suka rattaba hannu a kan Yarjejeniyar Janeba ta 1929, wadda ta tanadi cewa a ciyar da fursunan yaƙi kamar yadda ake ciyar da sojojin ƙasar da ta kama shi, a sanar da ƙasarsa sunansa da inda yake, a bar shi ya aika wasiƙa ya kuma karɓi ƙunshin abinci da sutura, sannan kada a sa shi aikin da ya shafi yaƙin kai tsaye, kamar ƙera makamai ko jigilarsu. Sai dai doka ba ta bin kadin kanta. Tana buƙatar gwamnatin da za ta tsaya wa mutanenta, da iyalin da za su riƙa tambaya, da jama'ar da ba za su bari a manta da wanda aka kama ba, kuma abin da ya sami sojojin Afirka ta Yamma da Jamusawa suka kama a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, ya nuna yadda rayuwar fursuna take zama idan ɗaya daga cikin waɗannan ukun ya tsaya masa, sauran kuma suka gaza.

Faransa ta kafa rundunar da take kira tirailleurs sénégalais, wato 'yan bindigar Sanagal, tun a 1857 a zamanin gwamna Louis Faidherbe, amma sunan bai bayyana gaskiyar asalin sojojin ba, domin ana ɗebo su ne daga duk faɗin ƙasashen da take mulka, daga wuraren da a yau ake kira Mali da Gini da Burkina Faso da Kwaddibuwa da Benin da Nijar, har zuwa Cadi da Gabon. Da yawa daga cikinsu manoma ne da makiyaya da aka ɗauka a ƙarƙashin dokar shiga soja ta tilas, wadda aka tabbatar a 1919, kuma kaɗan ne suka iya karatu da rubutu da Faransanci.

Lokacin da Jamus ta afka wa Faransa a watan Mayu na 1940, ta kuma durƙusar da ita cikin mako shida, an kama sojojin Faransa kimanin miliyan 1.8. Ga baƙaƙen fata daga cikinsu, lokacin miƙa wuya shi ne mafi hatsari, domin farfagandar 'yan Nazi ta daɗe tana siffanta su da dabbobi, kuma a wurare da dama an ware su daga turawan da ke tare da su aka harbe su nan take. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa waɗanda aka kashe ta wannan hanya sun kai tsakanin 1,500 da 3,000. A garin Airaines, ranar 7 ga Yuni, an harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan asalin Gabon, saboda ya dage a kan a ɗauke shi a matsayinsa na hafsa kamar takwarorinsa turawa. A Chasselay kuwa, kusa da birnin Lyon, ranar 20 ga wannan wata, an kora gomman fursunoni cikin wani fili aka buɗe musu wuta daga tankokin yaƙi.

Waɗanda suka tsira ba a kai su Jamus don zama kamar sauran fursunoni ba, ko kuma an kai su na ɗan lokaci aka dawo da su, saboda hukumomin Nazi suna tsoron cututtukan ƙasashe masu zafi, suna kuma ƙyamar cuɗanyarsu da Jamusawa. An tsare su ne a cikin yankin Faransa da Jamus ta mamaye, a sansanonin da ake kira Frontstalag, wato sansanin fursunoni da ke wajen ƙasar Jamus. A watan Afrilu na 1941 akwai fursunoni 'yan ƙasashen mulkin mallaka kusan 70,000 a irin waɗannan sansanoni 22, mafi yawansu 'yan Aljeriya da Maroko da Tunisiya, sai kimanin 15,000 daga Afirka kudu da Sahara, da wasu daga Madagaska da Indocina. An rarraba su ƙungiya-ƙungiya zuwa gonaki da dazuzzukan katako da masana'antu, wasu ma aka sa su lodin harsasai, abin da yarjejeniyar ta hana ƙarara. Babban abokin gabarsu shi ne sanyi da yunwa, kuma daga nan tarin fuka ya samu ƙofa, ya kwantar da da yawa, ya kashe da yawa. Léopold Sédar Senghor, wanda daga baya ya zama shugaban Sanagal na farko, yana cikin waɗanda aka tsare a sansanin Poitiers, kafin a sake shi a 1942 bisa dalilin rashin lafiya.

Abin da ya fi raba halinsu da na fursuna Bafaranshe shi ne nisan gida. Bafaranshe yana da mata ko uwa da za ta rage daga abincinta ta aika masa, yana kuma samun wasiƙa da harshensa. Manomin da aka ɗauko daga wani ƙauye a bakin kogin Kwara kuwa sai ya nemi wanda zai rubuta masa, wasiƙar ta yi watanni a hanya, a can ma a nemi wanda zai karanta wa iyayensa, kuma ko wannan siririyar hanya ta kusan toshewa gaba ɗaya daga Nuwamba 1942, lokacin da sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Afirka ta Arewa, ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka suka koma ɓangaren masu yaƙar Jamus. Iyalai da yawa sun yi shekaru ba su san ko ɗansu yana raye ba.

A wannan giɓi ne talakawan Faransa suka shigo, kuma adalci ya wajabta a faɗi abin da suka yi dalla-dalla, domin sun yi shi ne a lokacin da su kansu ake raba musu burodi da kati. Tun daga yaƙin 1914 akwai wata al'ada a ƙasar ta matan da ake kira marraines de guerre, wato matan da kowace take ɗaukar nauyin wani soja da ba shi da kowa a kusa, ta riƙa rubuta masa wasiƙa tana aika masa da abin da ya sawwaƙa, matsayin da ya yi kama da na uwar ɗaki a ƙasar Hausa. Malaman makaranta da matan manoma da 'yan mata masu aikin jinya sun farfaɗo da wannan al'ada domin fursunonin Afirka: sukan saƙa safa da rigar sanyi, su haɗa da sukari ko taba ko sabulu, su kai bakin wayar sansani ko su miƙa ta hannun ƙungiyar agaji ta Red Cross, wasu kuma su nemi izini su gayyaci fursuna cin abinci a gidansu ranar Lahadi. Ga mutumin da aka mai da shi lamba a cikin rajista, samun wanda ya san sunansa, yake kuma lura idan bai fito ba, kariya ce ta gaske, domin mai gadi yakan yi hattara da fursunan da ya san akwai mai tambayarsa.

Taimakon bai tsaya a abinci ba. Baƙar fata ba ya iya sajewa da jama'a idan ya gudu, saboda haka duk wanda ya tsere sai da gidan da ya ɓoye shi, da wanda ya ba shi kayan farar hula, da wanda ya raka shi cikin dare, kuma kowannensu ya san hukuncin da ke jiransa idan aka gano. Addi Bâ, ɗan ƙasar Gini, ya tsere daga hannun Jamusawa a yankin Vosges, mutanen ƙauyen Tollaincourt suka karɓe shi, daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa sansanin 'yan gwagwarmayar sari-ka-noƙe a dajin yankin, har aka kama shi, aka azabtar da shi, aka harbe shi a Épinal ranar 18 ga Disamba 1943. A Chasselay ma mutanen gari ne suka binne gawarwakin da Jamusawa suka hana a taɓa, sannan wani jami'in kula da tsofaffin sojoji mai suna Jean Marchiani ya sayi fili ya tara gudummawa, aka gina maƙabarta mai jar ganuwa irin ginin Afirka ta Yamma, aka buɗe ta a Nuwamba 1942, kuma a cikinta sojojin Afirka 188 suke kwance.

Gwamnati kuwa ta bi wata hanya dabam. A bisa ƙa'ida, ƙasa 'yar ba-ruwanmu ce take sa ido a kan yadda ake riƙe fursunoni, kuma da farko Amurka ce ta ɗauki wannan nauyi, amma a ƙarshen 1940 gwamnatin Vichy ta Marshal Pétain, wadda ke haɗa kai da Jamus, ta karɓi aikin da kanta a ƙarƙashin Georges Scapini, ta yadda mai kare fursunoni ya zama wanda ba ya iya ɗaga murya a gaban mai tsare su. Daga farkon 1943, da Jamus ta buƙaci sojojinta a fagen yaƙin Rasha, sai gwamnatin Vichy ta amince hafsoshin Faransa su karɓi gadin wasu daga cikin ƙungiyoyin fursunonin, mutanen da suka yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Faransa suka wayi gari shugabanninsu na jiya ne ke tsare su domin amfanin abokan gaba. Wannan cin amana ne, kuma fursunonin sun ɗauke shi a haka.

Bayan an 'yantar da Faransa a 1944, hukumomi sun gaggauta kwashe su zuwa gida ba tare da an biya su cikakken albashin shekarun da suka yi a tsare ba. Ranar 5 ga Nuwamba jirgin ruwan Circassia ya tashi daga Morlaix, bayan fiye da mutum 300 sun ƙi shiga har sai an biya su, ya isa Dakar ranar 21 ga wata, aka sauke sauran a sansanin Thiaroye da ke bayan gari. A can suka ci gaba da neman bashin albashinsu da kuɗin sallama da canjin kuɗin da suka tara a kan farashin da ya dace, wasu ɗaruruwa kuma suka ƙi hawa jirgin ƙasan Bamako, domin sun san wanda ya koma ƙauye hannu rabbana ba zai sake ganin ko anini ba. Da safiyar 1 ga Disamba 1944 aka kewaye sansanin da sojoji da motoci masu sulke, aka buɗe musu wuta. Rahotannin sojan Faransa sun ambaci mutum 35, wani kuma 70, amma masana tarihi irin su Armelle Mabon suna ganin waɗanda aka kashe sun kai ɗaruruwa. An yanke wa mutum 34 hukuncin ɗauri na shekara ɗaya zuwa goma a 1945, lauya Lamine Guèye ya kare su, kuma sai a 1947 aka saki waɗanda suka rage a tsare.

Dalilin da ya sa tausayin da ya raya su a tsare bai kare su a Thiaroye ba a fili yake. Fursunonin Faransawa sun dawo suka tarar da ma'aikata sukutum da aka kafa domin su a ƙarƙashin Henri Frenay, da ƙungiyoyinsu masu ƙarfi, da jaridu, da iyalai masu ƙuri'a waɗanda babu ɗan siyasar da zai yi wasa da su. Mafi yawan 'yan Afirka kuwa talakawan mulkin mallaka ne da ba su da ƙuri'a a lokacin, iyayensu ba su da hanyar kai kuka, matan da suka taimake su kuma an bar su a ƙauyukan Faransa, da yawa ba su ma ji abin da ya faru ba saboda an danne labarin. Goyon bayan da suka samu na mutum da mutum ne, ya ciyar, ya tufatar, ya ɓoye, amma bai taɓa zama murya ɗaya da za ta tilasta wa hukuma ta biya abin da ake bin ta ba.

Yarjejeniyar Janeba ta uku, ta 1949, ta ƙarfafa haƙƙoƙin fursuna, ta hana nuna bambancin launi ko addini ko ƙasa a tsakaninsu, ta kuma wajabta a mai da su gida ba da ɓata lokaci ba da zarar an daina faɗa, amma yadda ƙasa take bi da nata sojojin bayan sun dawo ya rage a hannun jama'arta. Sembène Ousmane ya dawo da maganar idon duniya da fim ɗinsa Camp de Thiaroye a 1988, Shugaba François Hollande ya miƙa wa Sanagal kwafin wasu takardun tarihi a 2014, kuma sai a Nuwamba 2024, shekara 80 bayan aukuwar abin, Shugaba Emmanuel Macron ya amince a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Har yau babu cikakken jerin sunayen waɗanda aka kashe, kuma tun da mutanen nan daga ƙasashe da dama suka fito, bai kamata a bar wa Sanagal ita kaɗai neman su ba. Ya dace gwamnatoci da jami'o'in Nijar da Mali da Burkina Faso da Gini da sauran maƙwabta su nemi a buɗe musu rajistar sojan Faransa gaba ɗaya, su kuma tattara abin da iyalan tsofaffin sojoji suka riƙe tun kafin masu riƙe da shi su ƙare, domin a san kowa da sunansa da garinsu, a kuma biya magadansa haƙƙinsa.