Sharrin da ake yi wa gyaɗa a lokacin kaka

Duk shekara, da zarar ruwa ya ɗauke aka shiga yankan hatsi, kuka ɗaya ake ji a bakin 'yan matan Bazaga da sauran ƙauyukan ƙasar Ƙonni: goshi da hanci suna ta nason maiƙo, kuraje sun feso, amma kumatu sun bushe sun yi fari fat. Iyaye kuwa ba sa dogon bincike. "Ke ɗiyata, ki rage cin gyaɗar nan," shi ne hukuncin.

Zargin ya yi kama da gaskiya. A kaka ne gyaɗa ke cika gari, kuma kusan rabin ƙwayarta mai ne. Sai dai man da aka ci ba ya ratsa jiki ya ɓullo ta hanci. Maiƙon fuska wasu 'yan jakunkuna ne a gindin gashi ke haɗa shi, sinadaran balaga ke zuga su. Abincin da masu bincike suka fi sa wa ido shi ne kayan zaƙi, lemon kwalba, farin burodi da madara, su ma tasirinsu bai taka kara ya karya ba. Ga kuma shaida a tsakar gida: tsofaffi da ƙananan yara su ma suna cin gyaɗar nan, fuskarsu sumul. A sallame ta.

Ta biyu a layi ita ce ƙurar sussuka. Wadda ta yini tana shiƙa ta san yadda ƙaiƙayi ke cin jiki, amma wuya da hannuwa da baya yake kamawa, kuma wanka ɗaya ke kore shi. Ba ya zaɓen goshi ya bar kumatu.

Wannan zaɓen ne bakin zaren. A tsaya gaban madubi a duba inda kurajen suka sauka: goshi, karan hanci, haɓa. Nan ne jakunkunan maiƙo suka fi yawa, ɗaruruwa a wurin da bai wuce faɗin farce ba, alhali a gefen kumatu sun ragu, a tafin hannu kuwa babu ko ɗaya. Yanzu a haɗa wannan da yanayin Oktoba a Ƙonni, Malbaza da Illela. Damina ta wuce, sanyi bai iso ba, rana tana dukan ƙasa kusan kamar ta bazara, laimar da ke cikin iska kuma tana janyewa kullum. Likitocin fata a Ingila sun auna tun 1970 cewa in ɗumin fata ya hau da digiri 1, maiƙon da ke fitowa yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin 100. Ke nan zafi na tatso mai a tsakiyar fuska, busasshiyar iska na shanye ruwa a gefe. Wannan ya bayyana ƙyalli da bushewa. Bai bayyana kuraje ba, don akwai masu irin wannan fata da ke wuce kaka lafiya lau.

Sai a leƙa kwandon wanka. Yarinya ta ga goshi na ƙyalli, ta ɗauko sabulun wanki da soso ta dirje fuska, ta sake da azahar, ta sake da dare. Fata tana da ɗan tsami na halitta, wajen 5 a ma'aunin pH, sabulun wanki kuwa yana kaiwa 9 zuwa 10. Saman fata kamar katangar tubali ce, kitse ne yaɓen da ke riƙe ta, kuma wannan yaɓen sabulun ke wankewa. Cikin 'yan awoyi maiƙon goshi ya dawo, don tushensa na can ƙasa inda kumfa ba ta kaiwa, amma kumatu sun ɗaure suna raɗaɗi. Maganin raɗaɗin fa? A lakato basilin ko wani mai mai kauri a mulke fuska baki ɗaya, har da inda mai ya riga ya yi yawa. Ƙura ta manne, matacciyar fata ta taru, ƙofar gashi ta toshe. Kurji kuma ba dare ɗaya yake nuna ba, makonni yake ɗauka, shi ya sa idan ya fito babu mai tuna sabulu, sai gyaɗar da aka ci jiya.

Saura wasu ƙananan kuraje da ke jeruwa a bakin gashi da gefen goshi. Waɗannan na man kitso ne, wanda zafi ke narkarwa ya gangaro, ɗankwali ko hijabi ya danne shi a wurin. Likita Albert Kligman da abokan aikinsa sun rubuta a kansu a Amurka, a jikin baƙaƙen fata masu shafa man gashi kullum.

Akwai kuma nau'in da ya karya duk wannan lissafi, kuma shi ne mai ban tsoro. Idan kurajen sun bazu har kumatu, girmansu ɗaya kamar an auna, fata ta yi laushi jijiyoyi na nunawa, to a tambayi man bilicin. A karanta kwalin: clobetasol ko betamethasone magunguna ne masu ƙarfi na cutar fata, ba kayan kwalliya ba, ko da an jera su da hoda da jan baki a kasuwa. Kwaddebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, amma har yau suna ƙetare iyakokin ƙasashenmu. Wadda ta daɗe a kansu kada ta yanke rana ɗaya, fuska za ta yi bore; ta je wurin likita a janye mata a hankali.

Ga sauran, gyaran ba shi da tsada. Wankin fuska safe da dare da sabulu mai sauƙi, da hannu, ba soso. Tun fata na da danshi a shafa mai mara nauyi mai gilisarin. In man kaɗanya ne, ɗan kaɗan, a kumatu da leɓe kawai. Man kitso ya tsaya a kai, ɗankwali da rigar matashi su riƙa ganin wanki. Kuma a bar matsa kurji, domin a baƙar fata tabon yana wata da watanni bayan kurjin ya tafi. In abin ya ƙi, akwai benzoyl peroxide a kantin magani, amma mai juna biyu ta tambayi likita kafin ta shafa komai. 'Yar'uwa, ki ba kowane gyara mako 6 zuwa 8 kafin ki ce bai yi ba.