Kyamara Mai Auna Nisa da Kasuwar Hoto a Yammacin Zamfara

Kyamara mai auna nisa nau'in na'urar ɗaukar hoto ce da ake saita ta da hannu. A samanta akwai ƙananan tagogi biyu, kowace na hango abin da za a ɗauka daga gefenta, sai madubi a ciki ya haɗa siffofin biyu a tsakiyar wurin leƙawa. Mai hoto yakan murza zoben gilashin gaba har siffofin su hau kan juna su zama ɗaya, alamar hoton zai fito tas. Kamfanin Leica na Jamus ne ya yi suna da ita, musamman da samfurin M3 na 1954.

Da zamanin fim ya ja baya, Epson na Japan ya fara fitar da ta dijital, R-D1, a 2004, kan kusan dala 3,000. Leica ya biyo baya da M8 a 2006, daga bisani Pixii na Faransa ya shigo. Amma farashi ya ƙi sauka. Leica M11 ta 2022 ta fito a kan kusan dala 9,000, ban da kuɗin gilashi. Tsadar tana cikin ma'aunin nisan kansa, domin haɗa shi aikin hannu ne mai tsananin ƙa'ida, masu saye kuma kaɗan ne a duniya, don haka ba a ƙera ta da yawan da zai karya farashi.

A yammacin Zamfara kuwa, a Anka da Gummi da Bukkuyum, abincin mai hoto yana fitowa ne daga hoton fasfo, da bukukuwan aure da suna, da saukar Alƙur'ani, da hawan salla, da tarukan siyasa. Duk waɗannan suna son sauri. Mai ɗaukar doki yana sukuwa a ƙofar fada ba shi da lokacin murza zobe. Yana bukatar kyamarar da ke saita kanta, mai jawo nesa kusa. Iyalan amarya kuwa bidiyo suke fara tambaya, M11 kuma ba ta ɗaukarsa ko kaɗan. Ga ƙurar hunturu da girgizar babur a hanyoyin ƙauye, masu iya gusar da saitin madubin, gyaransa kuma sai gwani na musamman. Shi ya sa Canon ko Nikon ta hannu ta fi dacewa da aljihun mai shago da aikinsa.

Su ma masu shagunan hoton, wayar hannu tana cin kasuwarsu. Tecno da Itel da Infinix sun sa kusan kowane saurayi ya zama mai hoton kansa, ya tura ta WhatsApp nan take. Faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta ƙara nisanta kayan waje: kuɗin M11 ɗaya ya haura naira miliyan 10, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024.

Ko da wani kamfani zai rage farashin zuwa rabi, wannan kyamara kayan masu sha'awa ce a manyan birane, ba jarin mai sana'ar hoto a Gummi ba.