Maimaitawa da Kiran Kai: Iyakarsu a Harshe da Kwamfuta

Hanya biyu ce ake bi a sa kwamfuta ta yi aiki guda sau da yawa. Ta farko ita ce maimaitawa, ta biyu kuwa kiran kai, watau umarni ya kira kansa tun bai gama aikinsa ba.

Misalin maimaitawa shi ne mutumin da ya tashi daga Ƙofar Galadima ya kewaye ganuwar Zariya yana ƙidayar ƙofofi. Ko ya kai Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana, abu guda yake riƙe da shi a ka, watau adadin da ya kai. Da ƙofofin za su kai dubu, nauyinsa ba zai ƙaru ba.

Kiran kai kuwa a nahawun Hausa ake ganinsa sarai. A dubi wannan jimla: "Yaron da malamin da Sarki ya naɗa ya koyar ya zo." Mai sauraro zai ajiye yaro, ya ajiye malami, har ya gama da Sarki, sa'an nan ya komo kansu ɗaya bayan ɗaya. In aka ƙara hawa guda, aka ce "Dokin da yaron da malamin da Sarki ya naɗa ya koyar ya hau ya gudu," sai magana ta dagule, alhali ba a karya ƙa'ida ba. Chomsky da Miller sun bayyana a 1963 cewa iyakar nan ta ƙwaƙwalwa ce, ba ta nahawu ba.

Haka al'amarin yake ga kwamfuta. Duk kiran da bai ƙare ba, sai ta ajiye shi a ma'adana kamar tarin kwanuka, na ƙarshen ɗorawa shi ne na farkon ɗauka. In tarin ya cika, aiki ya tsaya cik. Saboda haka harshen Python yake tsayar da kira in zurfinsa ya kai wajen 1000, sai fa in mai shi ya ɗaga iyakar. FORTRAN na 1957 bai yarda da kiran kai ba sam, sai LISP, wanda John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958, da ALGOL 60 suka buɗe masa ƙofa.

Amma ba kowane kiran kai ne yake cika ma'adana ba. "Ƙofar gidan ɗan Galadiman Zazzau" suna ne cikin suna har hawa huɗu, ba ya kuwa wahalar da kowa, don kowane sabon suna a ƙarshe yake zuwa, ba a bar wani abu a baya yana jira ba. Kira irin wannan, harshen Scheme yana gudanar da shi tamkar maimaitawa.

Ita ma maimaitawa tana da tata iyaka. Aiki mai rassa, kamar feɗe jimla, in za a yi shi da maimaitawa, tilas mai rubuta umarnin ya gina tarin nan da hannunsa. Ashe abin da ya kamata a fara tambaya shi ne: aiki nawa ne zai tsaya yana jira kafin a gama na ciki?