Bayan Warin Feshi Ya Tafi, Ina Maganin Ya Shiga?

Duk wanda ya bi bakin kanal a Talata Mafara da rani ya san warin nan. Manomi na goye da tankin feshi yana bin kunyar tumatir, kai kuma tun daga nesa hanci ya ba ka labari. Kafin la'asar warin ya ɓace, sai a ɗauka magani ya tafi. Alhali rabuwa ya yi gida uku: iska ta ɗiba, ruwa ya ɗiba, ƙasa ta riƙe saura.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori kan Kogin Sakkwato a 1978, noman rani ya zauna da gindinsa a Mafara da Bakura da Maradun, feshi kuma ya biyo shi. Yadda rabon zai kasance ya danganta da halin kowane sinadari. Fiya-fiya, wato dichlorvos, mai saurin tashi ne, kuma zafi na ƙara masa gaggawa. Mai feshi da tsakar ranar Afrilu ya yi asara biyu: kuɗinsa sun bi iska, huhunsa ya sha. Abin da ya faɗa ruwa kuwa yakan lalace cikin kwanaki.

Gamalin, wanda aka sha zubawa a tafkuna don kashe kifi, halinsa daban. Ba ya son ruwa, sai ya manne wa ruɓaɓɓen ganyen da ke cikin laka, ya taru a kitsen kifi, ya daɗe yana tashi kaɗan-kaɗan. An same shi har yankin ƙanƙara na Arktik, inda ba a noma. A 2009 aka sa sinadarinsa, lindane, cikin waɗanda Yarjejeniyar Stockholm ta hana.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne fetur ɗin da ke ɗiga gindin injin ban-ruwa. Shi ma rabuwa yake yi: wani sashensa ya tashi sama, amma benzin da ke cikinsa na narkewa a ruwa. A jigawa babu abin da zai tare shi, sai ya zarce ƙasa, inda ba rana ba iskar da za ta kwashe shi. Rijiyoyin fadama kuwa ba su da zurfi, kuma galibi injin a bakinsu yake zaune. Daga nan ma'aikatan gona ke cika gora idan ƙishirwa ta kama su.