Sola mai kaurin leda: Shin za ta jure rufin kwanon karkarar Kano?

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi, Dambatta da Minjibir da wuya mutum ya ga fili a banza. Gona na manne da gona, rabon gado kuma kullum ƙara tsinka ta yake. Shi ya sa tashar sola irin ta Challawa da ke Kumbotso, wadda tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Janairun 2023, ba ta dace da yankin ba: megawat 10 take samarwa, amma ta mamaye kadada 24. A nan, wannan abincin gidaje ne masu yawa.

Filin da ya rage wa manomin yankin shi ne rufin ɗakinsa da bangonsa, kuma wurin da wata sabuwar fasaha ke hari ke nan. Sinadarin da ake kira ferobsikait yana mayar da hasken rana lantarki kamar yadda silikon na farantin sola ke yi, sai dai shi ana iya narkar da shi a buga shi a kan leda tamkar tawada, a naɗe, a manna a jikin gini. Lokacin da Tsutomu Miyasaka ya fara gwada shi a Japan a 2009, kashi 3.8 cikin 100 na hasken kawai yake cafkewa. Yau ya haura kashi 25 a ɗakunan bincike. Kamfanin Saule ya buɗe masana'antarsa a Poland a 2021, Sekisui na Japan ma na shirin fitar da nasa da yawa.

Rashin nauyin ba ƙaramin al'amari ba ne. Farantin sola guda kan kai kilo 20, nauyin da tsohuwar azara ko siririn kwano ba sa so.

Sai dai akwai rina a kaba. Zafi da laima ne manyan abokan gabar ferobsikait, alhali a watan Afrilu zafin Kano kan wuce digiri 40, kwanon da ya yini a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Farantin silikon na zuwa da garantin shekara 25, wa'adin da sabuwar ledar ba ta tabbatar da cewa za ta kai ba tukuna. Ga kuma ƙurar hunturu.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne dalma. Nau'o'in da suka fi ƙarfi duk suna ɗauke da ita. Kaɗan ce, an kuma rufe ta ruf, amma a karkara ruwan da ke sauka ta indararo duro da randa yake shiga, a sha, a yi girki. Arewa ba ta manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta wuraren haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Kafin kayan su iso Kasuwar Sabon Gari, ya kamata hukumomin SON da NESREA su fayyace wanda zai gwada su a zafin Afrilu, da wanda zai karɓi ledar idan ta yage.