Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Gargaɗi Kan Ajiyar Sabar

Duk wanda yake da kuɗi a banki, ko suna a rajistar asibiti, ko sakamakon jarrabawa a wata makaranta, ya sani cewa amanarsa tana kwance ne a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira sabar, wadda idan faifanta ya lalace, ko gobara ta ci ɗakinta, babu abin da zai komar da ita kan aiki da gaggawa face kwafin tsarinta baki ɗaya, irin wanda shi da kansa yake iya tayar da na'urar daga mutuwa. Yin wannan kwafi wajibi ne a kan masu kula da ita, amma abin da ya fi shi wajabta shi ne tabbatar da cewa ya inganta.

Hujja a kan haka ta bayyana ranar 31 ga Janairu, 2017, sa'ad da wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya share babbar ma'ajiyar bayanansu bisa kuskure. Da aka juya ga kwafin da ake zaton ana yi kullum, sai aka tarar da wayam, domin manhajar da ke yinsa ta tsufa, ba ta dace da sabon tsarin ba, saƙonnin gargaɗin da take aikawa kuma ba su isa hannun kowa ba. Da ƙyar aka tsira da wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i 6 kafin musibar, abin da aka rubuta a tsakani kuwa ya salwanta.

A kan tsarin AIX na kamfanin IBM, umarnin da ke yin kwafin tsarin sabar sunansa mksysb, kuma illolin da ke katse shi sanannu ne. Ta farko ƙarancin fili a ma'ajiyar wucin gadi ta /tmp, inda ake harhaɗa abin da zai tayar da na'urar; maganinta a share tarkace, ko a ƙara alamar -X domin ma'ajiyar ta faɗaɗa da kanta. Ta biyu haddin da tsarin ya ɗora wa girman fayil, wanda bisa asali bai wuce gigabait 1 ba, har kwafin ya yanke a tsakiya; ana ɗage shi a cikin fayil ɗin /etc/security/limits. Ta uku fayilolin da ake sauyawa alhali ana cikin kwafe su, saboda haka ya kyautu a yi aikin a lokacin da hada-hada ta lafa, a kuma karanta sunan kowane fayil da aka ce an tsallake, a rarrabe mai muhimmanci da maras amfani.

Akwai kuma gafala biyu waɗanda na'ura ba za ta yi ƙorafi a kansu ba, shi ya sa suka fi hatsari. Umarnin mksysb ba ya ɗaukar komai sai rukunin faifan tsarin, wato rootvg, sauran rukunoni kuwa sai an bi su da umarnin savevg. Sannan kwafin da aka zuba a fayil kawai ba ya tayar da na'ura, sai an sa shi a tef, ko a DVD, ko an miƙa shi ta NIM, wato manhajar AIX mai girka tsari ta hanyar sadarwa.

Saboda haka, shugaban ma'aikata, ko da bai san harafi ɗaya na waɗannan umarni ba, yana da haƙƙin ya tambayi injiniyansa abu uku: yaushe aka yi kwafi na ƙarshe, a wane gini dabam aka adana shi, kuma yaushe aka jarraba tayar da wata na'ura da shi. Idan amsar ta uku ta gagara, to a sanya ranar jarrabawar tun kafin a tashi daga zaman.