Hasashen Makomar Tafkin Chadi: Ƙafewa ko Cika da Ja da Baya?

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba abin da kimiyya ke hange game da Tafkin Chadi nan gaba, mu kuma auna irin fasahar da ake neman dogara a kanta. Amma kafin mu kai ga hasashe, ya kyautu mu waiwayi yadda hasashen magabatanmu ya ƙare.

A shekarar 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A kan wannan yalwa ne aka tsara Shirin Noman Rani na Kudancin Chadi a yankin Marte ta ƙasar Barno, da niyyar shayar da fiye da hekta 60,000 na alkama da shinkafa. Masu tsarin sun ɗauka ruwan da suka gani shi ne zai dawwama. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya raba tafkin gida biyu, na 1983 zuwa 1985 kuwa ya mai da shi ƙasa da murabba'in kilomita 2,000, ruwa ya janye ya bar magudanan da aka haƙa a bushe.

Daga nan sai hasashe ya juya, aka shiga cewa tafkin na gab da ɓacewa. Wannan ra'ayi ne ya ba shirin Transaqua ƙarfi, watau shawarar da kamfanin Bonifica na Italiya ya kawo tun wajen 1980, ta a haƙa magudana mai tsawon kilomita 2,400 wadda za ta kwaso ruwa daga rassan Kogin Kwango ta zuba a Kogin Shari. Taron da aka yi a Abuja a 2018 ya goyi bayan shirin. Mu dai a ganinmu kuskuren farko ne aka maimaita ta wata fuska, domin an sake ɗaukar halin 'yan shekaru an mai da shi hukuncin har abada.

Dalilinmu kuwa shi ne, tafkin ba shi da zurfi, ga shi zafin rana na ɗauke kimanin mita 2 na ruwansa kowace shekara, sa'an nan kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ke shiga cikinsa daga Shari da Logone yake fitowa. Saboda haka damina biyu ko uku masu kyau a can kudu sun isa su sake masa kama. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da raguwa ba, ɓangaren kudu ma ya tsaya da ƙafarsa. Har ila yau, wani bincike da aka buga a 2017 ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Wanda ya ga yadda madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024 ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan.

To, me muke hange? Ƙididdigar yanayi da masana ke yi da kwamfuta ba ta zama baki ɗaya ba, amma da yawa daga cikinta na nuna ƙaruwar ruwan sama a tsakiyar Sahel tare da ƙaruwar zafi. In haka ta tabbata, abin da ke gabanmu shi ne tafki mai cika da ja da baya ba bisa ƙa'idar da aka saba ba. Fasahar da za ta fi amfani a irin wannan hali ita ce wadda za ta auna ruwan Shari tun yana can sama, ta sanar da manomin masakwa da masuncin Baga inda gaɓa za ta tsaya bana, makonni kafin ruwan ya iso. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, wanda ake ɗauka a bi ruwa da shi duk inda ya koma, ya fi dacewa da wannan tafki bisa ga magudanar siminti da ba ta motsi.

Ba mu ce a jefar da Transaqua ɗungum ba. Sai dai kafin a haƙa ko da taku ɗaya, wajibi ne Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, ta amsa wannan tambaya: in aka mai da ruwa matsayinsa na 1963, ina za a kai ƙauyuka da gonakin da aka kafa a kan busasshen gindin tafkin cikin shekaru 50 da suka wuce?